Ɗana ya kai aji huɗu amma bai iya karatu ba: tambayoyin da iyaye ke yi kan neman taimakon makaranta

Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, kuma har yau iyaye kan tare ni a masallaci ko wurin suna da magana iri ɗaya: "Malam, yaron nan kullum yana zuwa makaranta, amma in ka ba shi takarda sai ya tsaya yana kallonta." Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaita mini. Na amsa su bisa yadda makarantunmu na Arewacin Nijeriya suke a zahiri, ba yadda aka tsara su a takarda ba.

Ta yaya zan tabbatar cewa da gaske yana baya a karatu?

Ku gwada shi da kanku, minti goma ya isa. Ku zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba lokacin da ya yi laifi ba, kuma kada a tara masa ƙanne suna leƙe.

Ku fara rubuta haruffa goma a warwatse, kada ku jera su a, b, c, domin wannan jerin waƙa ce kowane yaro ya haddace. Ku sa har da ƙ da ɗ da ɓ. Idan ya faɗi yawancinsu, ku koma kalmomi masu gaɓa biyu: kaza, tulu, ƙofa, ɗaki, rago. Idan ya wuce nan, ku rubuta gajerun jimloli huɗu, kamar "Inna ta dafa tuwo. Ta zuba miya. Mun ci mun ƙoshi. Mun wanke hannu." Daga nan sai ɗan labari mai layi takwas ko goma, ku yi masa tambaya biyu a kansa.

Inda ya tsaya, nan ne matakinsa: harafi, kalma, jimla ko labari. Ku rubuta shi tare da kwanan wata. Wannan gwajin ba ni na ƙago shi ba. Irinsa ƙungiyar Pratham ta Indiya ke amfani da shi gida-gida tun 2005 don gano abin da yara suka iya da gaske. Ma'aunin da Bankin Duniya ke amfani da shi kuwa shi ne: yaro ɗan shekara 10 ya iya karanta ɗan gajeren labari ya kuma fahimce shi. Ke nan ɗan aji huɗu da ya tsaya a matakin harafi ko kalma yana buƙatar taimako yanzu, ba baɗi ba.

Wata dabara ta malamai: ku cusa kalmomin da babu su a Hausa, kamar "zimo" ko "dunu". Mai haɗa baƙi da wasali zai karanta su ko da yana dariya. Mai hadda kuwa nan zai cije.

To amma katin sakamakonsa ya nuna ya zo na bakwai a aji. Yaya haka?

Na bakwai cikin su wa? Idan kashi biyu cikin uku na ajin ba sa karatu, na bakwai ma zai iya kasancewa cikinsu. Ban da haka, yawancin abin da ake aunawa a ƙananan azuzuwa hadda ce da kwafe. Malam ya rubuta a allo, aji ya amsa baki ɗaya, kowa ya kwafa a littafi. Na sha ganin yaro mai kyakkyawan rubutu, littafinsa tsaf kamar an buga, amma in ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya daga abin da ya rubuta da hannunsa ka ce "mene ne wannan?" sai ya sunkuyar da kai. Zane yake yi, ba rubutu ba.

Wa zan fara gani a makarantar, kuma me zan ce?

Malamin ajinsa. Kada ku tsallake shi ku nufi ofishin hedimasta, domin zai ɗauka ƙararsa kuka kai, alhali shi ne wanda zai zauna da yaron kullum. Kada kuma ku je lokacin da yake tsakiyar darasi. Ku aika a tambaye shi lokacin da ya fi masa sauƙi, yawanci lokacin tara ko bayan an tashi.

Yadda kuka buɗe magana shi ne rabin aikin. Wanda ya shigo da "me kuke koya musu ne a nan?" ya riga ya rufe ƙofa. Ga yadda wata uwa ta yi da ni, kuma har yau ina tunawa. Bayan mun gaisa, ta kwance bakin mayafinta ta ciro wata takarda a ninke, ta ce:

"Malam, Allah ya saka da alheri kan ɗawainiyar yaran nan. Jiya na sa yayarsa ta gwada shi. Haruffa ya san su, ban da waɗannan ukun da aka zagaye. Amma da an haɗa biyu sai ya rikice. Ni ban san yadda ake gyara wannan ba, ku ne masana. Me za mu yi, ku a nan, mu a gida?"

Ba ta zarge ni ba, ba ta kuma ce "a taimaka masa" kawai ta tafi ba. Ta kawo mini daidai inda matsalar take. A ajin da ke da yara fiye da tamanin, wannan takardar ta rage mini aikin mako guda. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Me ya kamata in roƙa takamaimai?

Abin da malami zai iya yi gobe da safe ba tare da jiran izini ko kuɗi ba. Misali a dawo da yaron layin gaba. A ba shi minti goma sha biyar sau uku a mako, shi da sauran 'yan matakinsa, domin ba shi kaɗai ba ne, ku tabbata. A daina sa shi ya miƙe ya yi karatu a gaban aji ana masa dariya har sai ya ɗan samu ƙafa. A daina dukansa kan abin da ba a koya masa ba. A ba ku aron littafin aji ɗaya ko na aji biyu ku je gida da shi.

Sannan, kuma wannan ya fi duka muhimmanci, ku tsayar da ranar dawowa. "Malam, in Allah ya kai mu bayan mako shida zan dawo mu sake gwada shi tare." Alƙawarin da ba shi da rana, iska ce ke kwashe shi.

Wannan tsari na tara yara bisa matakin karatunsu maimakon lambar ajinsu yana da suna a wurin masana, wato koyarwa daidai da matakin yaro. Daga Indiya ya samo asali, an kuma gwada shi a makarantun gwamnati a Borno da Kano. Haka nan shirin Mu Karanta ya horar da malamai a Bauchi da Sakkwato, shirin RANA kuma a Katsina da Zamfara, dukansu kan koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa. Saboda haka ku tambayi hedimasta ko akwai malamin da ya taɓa samun irin wannan horon. Sau da yawa akwai shi, sai dai an tura shi aji shida, littattafan kuma suna kulle a kabad ƙura ta rufe su.

Malam ya ce yara sun yi yawa, ba zai iya ware ɗaya ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kada ku musa masa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa makarantar gwamnati a cikin birni ya san akan ninka wannan sau biyu ko uku. Abin da za ku ce shi ne ba ware ɗaya kuke nema ba. Ku nemi iyaye huɗu ko biyar masu irin damuwarku ku je tare. Ƙungiyar yara goma da ake zama da su a gindin bishiya kafin a shiga aji abu ne mai yiwuwa, kuma ya fi sauƙin karɓuwa a wurin hedimasta fiye da buƙatar mutum ɗaya.

Idan kuwa aka ce mini ɗana daƙiƙi ne, ba ya ja?

Wannan ba bayani ba ne, gajiya ce ke magana. Ku yi haƙuri ku tambaya: "Malam, a ina yake tsayawa? Haruffan ne bai sani ba, ko haɗa su ne ya gagara?" Idan malamin bai iya amsawa ba, to bai taɓa zama da yaron shi kaɗai ba.

Ku kuma ku kiyaye bakinku a gida. Yaron da ake kira daƙiƙi a makaranta, ya dawo gida a kira shi dolo a gaban ƙannensa, ba zai ƙara yarda ya gwada ba. Zai koyi ɓoyewa: ya mance littafi, cikinsa ya yi ciwo ranar jarrabawa, ko ya zama shi ne mai tsokanar aji. Yawancin "fitinannun" da na sani a aji biyar, yara ne da suka gwammace a san su da rashin ji a kan a san su da rashin iyawa.

Na ga malami, na ga hedimasta, shiru. Ina zan nufa?

Makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma mai sa ido kan tafiyar da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC. A cikinsa akwai wakilan iyaye da na mata da malamai da mai unguwa ko wakilinsa. Ku nemi shugaban kwamitin, ku roƙi a sa maganar cikin abin da za a tattauna a zama na gaba. Akwai kuma taron iyaye da malamai, PTA, wanda mu iyaye muka mayar wurin jayayya kan kuɗin alli da gyaran rufi. Ba laifi ba ne mutum ya miƙe ya ce, "Yara nawa ne a aji uku ke iya karanta layi huɗu?"

Sama da nan akwai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ƙarƙashin sakataren ilimi, wanda ke da jami'an da ke zagaya makarantu. Sama da shi kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Idan za ku kai magana can, ku rubuta ta: sunan makaranta, aji, ranakun da kuka je, abin da aka yi alƙawari, abin da kuke nema. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilimin firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta. Ba alfarma kuke roƙo ba. Sai dai a gaskiya, abin da na gani shi ne yawancin matsalolin da suka warware, a matakin malami da hedimasta da mai unguwa suka warware.

Da Hausa ya kamata ya fara ko da Turanci?

A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Yaron da Hausa yake ji a gida da kasuwa da wurin wasa, ya fara koyon haɗa baƙi da Hausa. Dalili a fili yake. Rubutun Hausa kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa: b da a "ba", k da i "ki", an samu "baki". Da ya haɗa, ya ji kalmar da ya sani, sai fuskarsa ta washe. A Turanci kuwa harafi ɗaya kan ba da sauti uku ko huɗu, ga shi ko ya karanta daidai bai san ma'anar ba. An ɗora masa kaya biyu a lokaci guda.

Hausar ma tana da nata tarko. Ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutu, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke kama ɗaya, haka "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. Sai jimla ce ke raba gardama. Akwai kuma tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts, ky, gw da ƙw, waɗanda dole a koyar da su ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka ta fi Turanci sauƙin shiga nesa ba kusa ba, kuma dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyonta a rayuwa. Wanda ya iya ta da Hausa zai tafi da ita Turanci.

Gwamnati ta yi ta sauya matsayi kan wannan. A ƙarshen 2022 an amince da koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare, a ƙarshen 2025 kuma aka ba da sanarwar komawa Turanci. Ko da wane harshe makarantar ɗanku ke koyarwa, babu wanda zai hana ku yin minti goma sha biyar na Hausa a tsakar gida.

Yana ƙoƙari sosai a Islamiyya, boko ne kawai ya gagara. Me wannan ke nufi?

Albishir ne, in dai karantawa yake ba hadda kaɗai ba. Ku buɗe masa shafin da bai kai ba ku gani. Idan ya iya bin baƙaƙen Larabci da wasullansu, to ƙwaƙwalwarsa ta riga ta gane sirrin karatu. Ku lura da yadda makarantar allo ke yi tun kaka da kakanni: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, ba a matsawa gaba sai malam ya saurari yaro shi kaɗai ya gamsu, sannan a wanke allo. Abin da ɗanku ya rasa a boko ke nan, wanda zai saurare shi shi kaɗai kafin a ce ya wuce.

Ko dai lafiyarsa ce?

Ku duba ido da kunne kafin komai, domin su ne mafi sauƙin ganowa kuma su aka fi mantawa. Akwai wata yarinya da na koyar, shiru-shiru, kullum tana layin baya saboda doguwa ce. Zango biyu ina ɗaukar ta marar himma. Ranar da aka yi ruwa rufin baya ya yi yoyo, na matso da su gaba, sai na ga tana kwafe daidai. Ashe allon ne ba ta gani. Tabarau ya raba mu da matsalar, ni kuwa kunya ta kama ni.

Alamomin ido: kanne ido, kai littafi daf da fuska, ciwon kai bayan makaranta. Alamomin kunne: yawan cewa "na'am?", juyo da gefe ɗaya, kunne mai zubar da ruwa, ko kuma yaron ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda mai tsanani. Ku fara da babban asibitin da ke kusa da ku. Idan abin ya fi ƙarfinsu, a Kaduna akwai cibiyar kula da ido ta ƙasa da kuma ta kunne.

Ku kuma nemi ganin rajistar aji. Yaro mai sikila, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ke kwantarwa duk damina, ko wanda ake tsayarwa ranar kasuwa da lokacin girbi, zai iya rasa makonnin da aka koyar da rabin haruffa. Ba wanda ya koma masa baya, aji ya yi gaba.

Na ji ana maganar disleksiya. Mece ce, kuma ɗana yana da ita?

Wata matsala ce da ake haihuwar mutum da ita, wadda ke sa haɗa harafi da sautinsa ya yi masa wuya ƙwarai, alhali hankalinsa da basirarsa lafiya lau. Takan bi dangi. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba lalaci ba ne.

Amma kada a yi saurin laƙaba wa yaro ita. Juya b da d abu ne da yara da yawa ke yi har wajen shekara bakwai. Kuma a wurinmu, inda yara masu yawa ba su taɓa samun koyarwa mai kyau ba, yawancin marasa karatu ba su da wata disleksiya. Lokacin da za ku yi zargi shi ne idan ido da kunne lafiya, yana zuwa makaranta kullum, an zauna da shi a tsanake wata uku ko huɗu, sa'o'insa da aka fara tare sun wuce, shi kuwa abin da ya koya jiya ya ɓace yau, kuma ko a baki ba ya iya gaya muku sautin da "kaza" ta fara da shi.

A nan sai a nemi masana ilimin masu buƙata ta musamman. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos duk suna da sashen wannan fanni, kuma likitocin yara a asibitocin koyarwa kan iya nuna muku inda za ku. Babu ƙwaya ko allurar da ke maganinta. Maganinta koyarwa ce a hankali, sauti bayan sauti, da maimaici mai yawa, da ƙarin lokaci a jarrabawa. Ku roƙi makaranta ta riƙa yi masa wasu tambayoyin da baki, don a ga abin da ya sani ba tare da karatu ya tare hanya ba.

In sa a maimaita masa aji?

Maimaita aji kaɗai ba ya koya wa kowa karatu. Idan malami ɗaya ne, hanya ɗaya, layin baya ɗaya, to shekara kawai aka ƙara masa da baƙin ciki. Zan yarda da shi ne ga ɗan aji ɗaya ko biyu da aka sa makaranta da wuri, ko wanda ciwo ya cinye masa shekara, kuma da sharaɗin an faɗi abin da zai bambanta a wannan karon. Ga yarinya 'yar shekara goma sha biyu kuwa, mayar da ita cikin ƙananan yara kan zama sanadin barin makaranta gaba ɗaya. Gara ta zauna da sa'o'inta a riƙa cire ta awa guda tana koyon abin da ya wuce ta.

Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne a yi shiru har aji shida, sannan a tashi neman mai yi masa dabara a jarrabawar shiga sakandare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malamin lesin fa?

Yana da amfani idan ya san aikin. Ku tambaye shi abu ɗaya: "Ta ina za ka fara?" Idan ya ce zai gwada yaron tukuna, ku ɗauke shi. Idan ya ce a kawo jakar makaranta su yi aikin gida, to shi zai riƙa yin aikin, maki ya hau, yaro yana nan inda yake.

A makarantar kuɗi yake. Ba sai su yi komai ba tunda ina biya?

Kuna da ƙarfin magana fiye da na makarantar gwamnati, ku yi amfani da shi, amma ku sani wasu masu makarantu suna tsoron gaya wa iyaye gaskiya kada a cire yaro. Shi ya sa kowa ke cin tamanin da casa'in. Ku nemi a gwada shi a gabanku da shafin da bai taɓa gani ba. Idan an ce sai kun biya kuɗin ƙarin darasi, ku tambayi wa zai koyar, yara nawa ne a ciki, kuma me za a koyar. Sauya makaranta saboda kyan fenti da yunifom ba ya gyara komai. Kafin ku mayar da shi wata, ku roƙi a bar ku ku zauna a aji biyu na minti ashirin ku ga ko ana sa yara karatu ɗaya-ɗaya.

Ni ban yi boko ba. Akwai abin da zan iya?

Akwai, kuma ba kaɗan ba. Uwar da na ba ku labarinta ba ta iya rubuta sunanta da boko ba. Abin da ta yi shi ne ta tsayar da lokaci, bayan magariba, ta shimfiɗa tabarma, ta sa yayar ta riƙe littafi, ita kuma tana gefe tana tsinke zogale tana saurare. In yaron ya karanta abin da ba shi da ma'ana sai ta ce, "A'a, Hausa ba ta faɗi haka ba, sake dai." Kunnenta ne ma'auni.

Wasan sauti ma ba ya buƙatar takarda: "Kawo mini abu uku a gidan nan da suka fara da 'ta'." Tabarma, tasa, takalmi. Ku yi masa tatsuniya ku sa ya maimaita muku da bakinsa. Ku sa ya karanta muku rubutun jikin buhun shinkafa, kwalin ashana, bayan Keke Napep. Masu babbar waya kuma za su sami gajerun labaran yara da Hausa kyauta a shafin intanet na African Storybook, akwai kuma manhajar Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022.

Yaushe zan fara ganin canji?

Idan ana zama da shi kusan kullum, yaron da matsalarsa rashin koyarwa ce yakan tashi daga mataki ɗaya zuwa na gaba cikin mako shida zuwa zango guda. Daga harafi zuwa kalma ne ya fi cin lokaci. Da ya gane haɗawa, sauran kan zo da sauri. Ku ajiye takardar gwajin farko. Ranar da kuka yi da malam ta cika, ku je da ita da wata sabuwa mai kalmomi dabam amma masu nauyi ɗaya, ku zauna ku uku, a sake gwadawa. Idan ya matsa, ku tsayar da wata ranar. Idan bai matsa ba ko kaɗan, ku nemi hedimasta ya rubuta muku 'yar takarda mai bayanin abin da aka gwada da tsawon lokacin da aka ɗauka, ku tafi da ita asibiti.